Ka Cire Wa Mota Rabonta Kafin Ka Ƙirga Riba

Ƙannena direbobi,

Da ku nake, ku da kuka shigo sana'ar nan ba da jimawa ba: mai Sharon da ke lodin Abuja daga Kano, mai Golf da ke kai-komo tsakanin Zariya da Funtuwa, mai bas da ke kwana a hanyar Maiduguri, da mai ɗaukar fasinja ta waya a cikin gari. Ban cire ma'aikacin da ke tasowa daga Suleja ko Mararaba kullum safiya ba, ko ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin Maigatari da Mai'adua da Illela. Duk wanda motarsa ba ta hutawa, maganar nan tasa ce.

Maganar kuwa ɗaya ce. Kuɗin da ya rage a aljihunka da dare, bayan ka sha mai, ka sallami ɗan kamasho, ka biya na ƙungiya, ka cire balas, ba duka ne naka ba. Akwai rabon mota a ciki. Kowace kilomita da ka taka ta ɗan ci taya, ta ɗan ci birki, ta ɗan ƙona baƙin mai, sai dai babu wanda zai tare ka a ranar ya ce ka biya. Bashi ne yake taruwa shiru, ran da zai fito kuma a dunƙule yake fitowa. Direban da ya kashe wannan kuɗi yana ganin riba ce, shi da manomin da ya daka irin shukarsa ya yi tuwo duk ɗaya ne.

A da ana yin wannan sakaci a tsira, yanzu kam da wuya. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a garuruwa da yawa. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Kayan gyara kuwa kusan duka daga waje ake shigo da su, da dala. Kuɗin mota da fasinja ke biya ya ƙaru, amma bai kamo tashin kayan gyara ba. Abin da ya rage a hannunka shi ne lissafi.

Bar ƙirga wata, ƙirga kilomita

Za ka ji ana cewa a yi wa mota sabis duk wata uku. Wannan shawarar mai zuwa ofis ya dawo gida ce. Daga Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400, zuwa da dawowa fiye da 800. Wanda ke yin sawu uku a mako ya ci kilomita 2,400, a mako biyu ya kusa 5,000, a shekara ya kai 120,000. Idan irin wannan direba ya jira wata uku, baƙin man da aka yi domin kilomita 5,000 zai yi aikin 30,000. Don haka lambar da ke kan mita ita za ta gaya maka lokacin juye, kalanda ba ruwanta.

Ka kuma san da wane ma'auni mitarka ke ƙirga. Motocin da aka shigo da su daga Amurka, irin su Sienna da Camry, da mil suke lissafi, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. In aka ce ka yi juye a kilomita 5,000, a irin wannan mota mil 3,000 da 'yan kai ke nan. Da yawa sun ɗauki mil a matsayin kilomita suna zarce lokaci ba su sani ba. Idan mitar ta mutu, a gyara ta. Kafin a gyara, ka ƙirga sawu, tunda ka san tsawon hanyarka.

Sannan ka sayi ɗan littafi ka ajiye a aljihun mota. Duk abin da aka yi ka rubuta: kwanan wata, lambar mita, abin da aka canza, nawa aka kashe, wa ya yi aikin. Bayan wata shida littafin nan zai gaya maka wace taya ce ke daɗewa a hanyarka, wane birki ne ba ya kai ko'ina, wane bakanike ne aikinsa ke dawowa. Ran da za ka sayar da motar ma zai ƙara mata daraja, domin mai saye ya san ana mayar da mita baya, amma littafin shekara biyu mai wuyar ƙirƙira ne.

Yadda ake fitar da rabon mota

Ka raba kuɗin kowane abu da kilomitar da yake kai ka. Ga misali, kai sai ka sa farashin da ke garinku a yau. A ce juye da filta naira 40,000 ne, yana kai ka kilomita 5,000: naira 8 ke nan a kowace kilomita. A ce tayoyi huɗu naira 280,000 ne, suna yin kilomita 40,000: naira 7. Birki da fulogi da matatar iska da man giya, a ce sun tashi naira 4. Manyan abubuwan da ke zuwa jefi-jefi, wato bel da shokozoba da boris da kuloci da batir, a ce naira 6. Jimla naira 25. A sawun kilomita 800, naira 20,000 ke nan na mota.

Wannan kuɗi a ranar za ka cire shi, kafin cefane, kafin kati, kafin gudummawar biki. Kada ya kwana a aljihu ɗaya da kuɗin kashewa. Ka buɗe masa asusu na daban, ko ka ba wani dattijo mai amana ajiya. Adashi yana da kyau wajen tara kuɗin inji ko na sauya mota, amma bai dace da kuɗin gyara ba, don mota ba ta jiran ranar kwasarka. Idan ka cire rabon mota ka ga abin da ya rage bai isa komai ba, to lissafin ya gaya maka gaskiya: ko hanyar ba ta biya, ko balas ya yi yawa, ko motar ta tsufa. Gara ka sani yau da ka sani ran da inji ya buga a Jere da fasinja cike.

Baƙin mai da ƙura

Babu inda direba ke cutar kansa kamar wajen baƙin mai. Ka tsaya a gareji wata rana ka lura. Yaron bakanike zai ruga bakin titi ya dawo da mai a cikin wata tsohuwar jarka, babu suna, babu hatimi, a zuba maka a ce ai mai duk mai ne. Wani man an tace wanda aka juye daga wata mota ne aka ƙara masa launi. Ka sayi naka da kanka a gidan mai ko wurin dilan da aka sani, ka duba hatimin murfi, a buɗe a gabanka, in an gama ka huda galan ɗin ko ka tafi da abinka don kada a sake cika shi a sayar wa wani.

Ka kuma san kaurin da injinka ke so. Lambobin da ke jikin galan, 20W-50 ko 10W-40 ko 5W-30, kaurin mai suke nunawa. Tsofaffin injuna suna jure mai kauri. Sababbi kuwa hanyoyin mansu sirara ne, in ka zuba musu mai kauri ba ya isa saman inji da wuri lokacin tayarwa, a nan ne kuma ƙarfe ya fi cin ƙarfe. A motoci da yawa lambar tana rubuce a kan murfin da ake zuba mai. Man roba da ake kira sintetik ya fi tsada amma yana kai kilomita 8,000 zuwa 10,000, don haka in ka raba kuɗinsa da kilomita, ka haɗa da ranakun da ba ka ɓata a gareji ba, sau da yawa shi ne mai sauƙin. Filta kuwa duk juye a canza ta.

Kowace safiya, kafin ka tayar, ka zaro sandar gwajin mai, ka goge da tsumma, ka mayar, ka sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyun da ke jikin sandar. Ka murza shi tsakanin yatsu: in ka ji kamar yashi, datti ya shiga. In ya koma launin shayi mai madara, ruwa ya haɗu da mai, kada ka ɗauki fasinja.

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta zuba mana. Abin da ke tsakanin wannan ƙura da cikin injinka takarda ce kawai, wato matatar iska. In ta toshe mota ta yi nauyi ta ƙara shan mai. In ta yage ƙura ta shige ta cinye ringi, sai hayaƙi da shan baƙin mai. A lokacin hunturu ka riƙa duba ta duk mako, ka kakkaɓe a hankali. Hura ta da iska mai ƙarfi wurin mai faci yana huda takardar ba ka gani ba. Kuɗinta bai kai kuɗin mutum biyu na Kano zuwa Abuja ba, kuɗin sauke inji kuwa sai ka yi wata kana biya.

Zafi

A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri yana wuce digiri 40. Da mota ta fara zafi, abin da bakanike da yawa ke fara yi shi ne cire tamostat, su haɗa fanka kai tsaye, su ce ai na ƙasar sanyi ne. Kada ka yarda. Aikin tamostat ya riƙe inji a wajen digiri 90, inda aka ƙera shi ya yi aiki. In babu shi inji yakan daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar mota ta yi ta ƙara masa fetur, kai kana biya a gidan mai. Ainihin ciwon kuma yana nan: lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko fanka ta yi rauni, ko murfin lagireto ba ya riƙe iska. Shi za a nema a gyara.

Ruwan rijiya ko na leda da ake ɗurawa a lagireto shi ke kawo tsatsa da gishirin da ke toshe shi. Ruwan lagireto na gaskiya, mai launin kore ko ja, yana hana tsatsa kuma ba ya saurin tafasa. Idan allurar zafi ta doshi ja kana tafiya, ka sauka gefe ka kashe, ko da fasinja na ta mita. Minti biyar na "bari mu ƙarasa garin gaba" ya isa ya ƙona gaskit. Kada kuma ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, tururin yana saɓule fata.

Taya

A jikin kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, a ƙarshensa akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Roba tana bushewa ko ba a taka ta ba, shi ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke yawan jan kunne a kan tsofaffin tayoyi. Tayar gwanjo mai zane raɗau tana iya zama 'yar shekara takwas. Wasu kuma na lokacin ƙanƙara ne daga Turai, za ka ga hoton dutse mai tsini uku da ɗigon ƙanƙara a jikinsu. Robarsu mai laushi ce, kwaltar Arewa tana cinye ta nan da nan. Akwai kuma waɗanda ake cusa wata cikin wata don su yi yawa a kwantena, wayar bakinsu ta lanƙwashe tun kafin su iso. Araha ba ta ado, a wajen taya kuwa rai ake sawa a ciki.

Iska a gwada ta da safe taya na da sanyi. Adadin da ya dace yana rubuce a wata takarda a jikin ƙofar direba, a ƙananan motoci yawanci tsakanin 30 da 35, kuma akwai na lokacin da aka yi lodi. Bugun taya da ƙafa ba gwaji ba ne, ka sayi geji naka. Taya mai ƙarancin iska tana zafi, ita ce ke fashewa a kan gudu, tana kuma ƙara shan mai. Mai iska da yawa tsakiyarta ke cinyewa. Duk kilomita 10,000 a sauya wa tayoyi wuri. In ka ga gefe ɗaya na cinyewa ya bar ɗayan, ko sitiyari na ja gefe, a yi alaimen a duba ƙafa kafin ka sa sabuwa, in ba haka ba ita ma haka za ta bi.

Masu zuwa ba sallama

Wasu kayan suna kuka kafin su mutu: boris yana gurnani, birki yana ƙara, shokozoba tana yoyo. Taimin bel ba ya faɗa. Ran da ya tsinke, a injuna da yawa fistin yana karo da bawul ya lanƙwasa su, gyaran bel ya koma gyaran inji. Ka tambaya ko motarka bel gare ta ko sarƙa, don ko a mota iri ɗaya ana samun bambanci: Sienna ta 2004 zuwa 2006 bel ce, daga 2007 sarƙa. Mai bel ana canza shi tsakanin kilomita 60,000 da 100,000, gwargwadon inji. In ka sayi mota ba ka san yaushe aka canza ba, ka ɗauka ba a canza ba. A haɗa da famfon ruwa in bel ɗin ne ke juya shi, tunda kuɗin kwancewa ɗaya ne.

Giya mai sarrafa kanta kowace da irin manta, zuba mata wanda ba nata ba yana kashe ta a hankali. Man birki yana shan danshi, duk shekara biyu a zubar a sa sabo. Fitilar inji mai ruwan ɗorawa in ta kama, kada a rufe ta da salatif ko a cire ƙwanta. A sa mata na'ura a karanta, motocin Amurka tun daga 1996 duk suna da wurin sa ta. Wani lokaci fulogi ɗaya ne, in an bar shi ya lalata indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wanda kuɗinsa ya ninka na fulogi sau da yawa. Jar fitilar baƙin mai kuwa ba a tafiya da ita ko taku ɗaya.

Bakanike da kasuwa

Ka riƙe bakanike ɗaya wanda ya san irin motarka, ka biya shi kuɗin aikinsa da kyau. Wanda ka matse a kuɗin hannu, a kuɗin kaya zai fanshe. Ka tsaya a kan aikinka, a nuna maka abin da ya lalace, a ba ka tsohon da aka cire. Bakaniken da ke cewa "bari mu canza wannan mu gani" da kuɗinka yake koyon aiki.

A Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Apo a Abuja, kaya ɗaya za ka same shi hawa uku: sabo na asali, sabo na kwaikwayo, da ɗan Beljiyam da aka ciro daga wata mota. Kowanne da wurinsa. Ƙofa, fitila, kik, altaneta, har inji da giya, ɗan Beljiyam mai kyau sau da yawa ya fi sabon kwaikwayo, in dai an ba ka kwanakin gwaji. Amma abin da ke cinyewa da aiki, wato bel, birki, filta, fulogi da taya, sabo na kirki za ka saya. Ka kuma tsara gyaranka a ranakun da tasha ba ta cika ba. Makon Sallah fasinja ya fi mota yawa, wanda motarsa ke kan jak a wannan mako ya yi asara biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙafarka da lodinka

Rabin kuɗin gyara a ƙafar direba yake. Dokar hanya ta ba motar haya kilomita 90 a awa a kan babbar hanya mai tagwaye. Mai tafiya a 130 yana shan mai fiye da kima saboda iskar da yake turawa, yana dafa tayoyinsa, yana cin birki a kowane rami da shingen bincike. Mutum biyu a gaba, buhuna a but har murfi ba ya rufuwa: kuɗin ƙarin kana karɓa yau, gobe ka kai wa mai shokozoba da mai boris, in Allah ya tsare ba a kai ga asibiti ba. Ka daina ɗora ƙafa a kan kuloci. Kada ka bar tanki ya riƙa ƙafewa, domin fetur ɗin ne ke sanyaya famfon da ke cikinsa. Ka riƙe gidajen man da ka yarda da su, ka rage sha wurin 'yan bumburutu. Waɗanda suka ga abin da gurɓataccen fetur mai metanol ya yi wa motoci a Fabrairun 2022 ba sa buƙatar a tuna musu.

Idan motar ta wani ce, ku zauna tun farko a gaban shaida a faɗi wa ke biyan juye, wa ke biyan taya, wa ke ɗaukar inji in ya buga, da yadda za a yi da balas ranar da mota ke gareji. A rubuta. Mafi yawan rigimar direba da mai mota daga abin da ba a faɗa ba take tasowa. Amana ce a hannunka, kuma tasha ƙarama ce: direban da ke lura da motar wani, shi ake nema a ba sabuwa.

Idan kuma taka ce, littafinka zai nuna maka lokacin rabuwa da ita. In rabon mota na hawa wata bayan wata, kwanakin gareji sun fara kamo kwanakin aiki, ka sayar tana tafiya da ƙafarta, ka haɗa da abin da ka tara ka sauya. Fara wannan lissafi kuwa ba sai ka jira wata ya kama ba, yau da dare in ka ajiye mota ka duba mita, ka rubuta lambar, ka cire mata nata.

Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a cikin nema.